Karin Kumallo

Shekara tara ina matsar man gyaɗa a Bagalam,
hancina bai taɓa kai ƙarar kasko ba.
Yanzu ko buhun na hanga a zaure
sai cikina ya kife
kamar ƙwarya a ruwan Gulbi.

Laulayi ba ya sallama.
Yakan riga ladan tashi,
ya hau maƙoshina ya tanƙwashe ƙafa,
baƙon da bai faɗi ranar tafiya ba.

Gwaggo Tasalla ta leƙo ta kan katanga,
ta ga bokiti bakin ƙofa, ba ta yi tambaya ba.
Ta ce, kar ki taka ƙasa da ciki wayam.
Ajiye ƙanzo kusa da matashi,
ko guntun burodin da ya kwana ya bushe,
ki gutsura kina kwance, cin ɓera.
Waɗanda suka raɗa wa abincin safe karin kumallo
sun san abin da suke karyawa.

Sai citta. Ɗanya, gaɓa guda,
a kankare ta da bakin cokali,
a farfasa, a jefa a ruwan da ke tafasa,
a sauke, a bari tururi ya gama surutunsa.
Kurɓa ake yi, in ji ta, ba shan raƙumi ba.
Na kurɓa. Na jira.
Abin ya taso, ya yi shawara,
ya koma.

Mati yana dawowa daga kabu-kabu
da warin fetur har cikin gemu.
Ya koyi tuɓe riga tun a zaure,
ya wanke hannu sau biyu,
sannan ya miƙo mini lemun tsami na dala ashirin
kamar mai biyan tara.
Ba sha nake ba.
Nakan karce ɓawon da farce in kai hanci,
in ƙulle ɗaya a bakin zane,
inda a da nake ƙulle ciniki.

Ba duka suka riƙe amana ba.
Na'a-na'a ta yi mini rana ran Litinin,
ran Talata ta juya mini baya.
Kanumfari guda a ƙarƙashin harshe
ya kai ni azahar, bai kai ni la'asar ba.
Tsamiya ce ƴar halak:
a jiƙa ta, a tace, a jingina kofin jikin randa ya yi sanyi,
ita kaɗai ke shiga ba a tambaye ta daga ina.

Da na je awo na faɗa wa ungozoma
raina na biya farar ƙasa.
Ta cire tabarau ta dube ni.
Wannan a'a, ta ce. Citta kaɗan, to.
Amma ranar da ko ruwa ya ƙi zama,
kar ki tsaya jiran tukunya, ki zo nan.

Kaskona yana gida na uku, wajen Habsu.
Masu saye sun ce ƙuli-ƙulin ya canza hannu,
ba ya ƙara a haƙori.
Na ji, na juya fuska ga bango.

Kai, ko ke,
da ba ka kai ƙwayar dabino biyu ba,
ka rufe mini sana'a,
ka sa namiji wanka kafin gaisuwa,
ka mai da madafata kantin magani.

Yau da hantsi ina tankaɗe
iska ta ɗauko ƙamshin suya daga gidan Habsu.
Na laluba bakin zane, na kama lemun,
na jira abin ya taso.

Bai taso ba.
Sai na ji bakina yana kiran yaro:
Ruga ka ce mata ta rage wuta,
gyaɗar nan za ta ƙone.
In ta kwashe, ta aiko mini da na farko,
da zafinsa.